Yadda ake kwana a bakin dam: abin da na koya a Tiga

Karon farko da muka kwana a bakin ruwan Tiga, shanu ne suka tashe mu daga wurin. Mun isa dab da magariba, mu biyar a mota ɗaya, muka hango wani fili sumul, ba ciyawa ba ƙaya, ya gangara har bakin ruwa kamar an share mana. Muka ce Allah ya kashe ya ba mu. Muka kafa tanti, muka dafa shayi, muka kwanta. Da hantsi muna zaune muna karyawa sai ga ƙura ta turnuƙe daga bayanmu, garke guda ya nufo mu kai tsaye. Wani bijimi ya taka igiyar tanti ya tumɓuke turke, wata saniya ta yi fatali da butar shayi. Yaron da ke kora su ya tsaya, sanda a gicciye a kafaɗa, ya dube mu ya ce, "Ku baƙi ne ko? Ai nan mashaya ce." Ashe kofato ne ya share filin nan, shekara da shekaru.

Tun daga ranar na gane cewa bakin dam ba fili ne marar mai shi ba. Kowane taku akwai mai amfani da shi: masunci yana da inda yake ɗaure jirginsa da inda yake shanya koma, makiyayi yana da mashayarsa, manomin rani yana jiran ruwa ya ja ya bi shi da shuka, hukuma kuma tana da bangon dam ɗin da injinanta. Kai da ka zo shan iska baƙo ne, kuma rabin shirin tafiyar nan sanin yadda baƙo ke sauka ne. Sauran rabin kuwa sanin halin ruwan. Zan bi abin daki-daki, da Tiga a matsayin misali domin ita na fi sani, amma yawancinsa zai yi maka aiki a Challawa ta Ƙaraye, ko Dadin Kowa a Gombe, ko Goronyo a Sakkwato.

Na farko: zaɓi lokaci

Daga ƙarshen Oktoba zuwa farkon Disamba ya fi. Damina ta ɗauke, tafkin ya cika, hanyoyin ƙasa sun bushe, ciyawa ba ta gama ƙonewa ba, sanyi kuma bai kankama ba. Daga tsakiyar Disamba zuwa Fabrairu ma ana zuwa, sauro ya ragu, amma ka san cewa sanyin hunturu a bakin ruwa ba irin na cikin gari ba ne, domin babu katangar da za ta tare maka iska, kuma hazo kan rufe ɗaya gaɓar ƙaf. Maris zuwa Mayu zafi kan kai digiri 40, tanti ya koma tanda tun ƙarfe tara na safe. Damina kuwa ban ba ka shawara ba sam: hadari kan taso a kan buɗaɗɗen ruwa ba sallama, ga tsawa, ga mota ta kafe a taɓo.

In da hali ka duba wata. Kwanakin 13 zuwa 15 ga watan Musulunci farin wata kan haska bakin ruwa har ka ga inda kake sa ƙafa ba tocila. In kuma taurari kake son gani, sai ka nufi ƙarshen wata.

Na biyu: tambaya kafin ka ɗaura kaya

Tiga tana ƙaramar hukumar Bebeji, kimanin kilomita 70 kudu da birnin Kano. An gina ta a kan Kogin Kano zamanin Gwamna Audu Bako, aka kammala a 1974. Bangon ƙasa ne mai tsawon kusan kilomita 6, tafkin kuma in ya cika yakan mamaye wajen murabba'in kilomita 178. Na kawo waɗannan alƙaluma ne don ka gane cewa "zan je Tiga" ba adireshi ba ne. Ruwan ya taɓa ƙasar garuruwa da ƙauyuka da yawa, kuma abin da ke faruwa a gaɓar da ke kusa da garin Tiga daban yake da na can kudu wajen dajin Falgore. Sai ka tsai da ainihin ƙauyen da za ka sauka kusa da shi.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka samu ɗan gari. A Kano da wuya ka rasa wanda ya san wani a Tiga ko Rano ko Bebeji: direban mota, mai sayar da kifi, malamin makaranta da aka taɓa turawa can. Ka kira shi ka yi masa tambaya uku. Yaya zaman lafiyar wurin a wannan makon, ba bara ba? Wa ake gaisarwa in an zo? Mota ƙarama tana kaiwa bakin ruwa? Tambayar farko ita ce babba, kuma amsarta ce za ta yanke ko za a yi tafiyar. Akwai manyan tafkuna masu kyan gaske, irin su Shiroro da wasu sassan Kainji a jihar Neja da Bakolori a Zamfara, da matsalar 'yan bindiga ta addabi yankunansu a shekarun nan. In mutanen wuri suka ce maka kada ka kwana, kada ka tsaya gardama. Ka je da safe ka dawo da la'asar, ko ka kwana a cikin gari ka riƙa fita bakin ruwa da rana.

Shi kansa bangon dam da ƙofofin ruwa da magudanar da ke kai ruwa gonakin Kadawa da Kura suna ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Hadeja da Jama'are. Wurin aiki ne, akwai masu gadi. Kada ka kafa tanti a kai, kada ka ɗaga waya ka hau ɗaukar hoto sai ka tambaya.

Ka bar wa wani a gida sunan ƙauyen, da lambar ɗan garin, da ranar da za ka dawo. Kada ku gaza mutum uku ko huɗu: in wani abu ya samu ɗaya, wani ya tsaya da shi, wani ya tafi neman taimako.

Na uku: kaya

Ba sai ka sayi kayan Turawa masu tsada ba. Tanti in kana da shi, madalla. In babu, tampol babba da igiya da turaku shida zuwa takwas sun wadatar a lokacin rani, muddin kowa yana da gidan sauronsa. Gidan sauro ba a barinsa ko da hunturu ne. Ka ɗauki tabarma ko leda mai kauri ta shimfiɗa a ƙasa, da katifa 'yar siririya, da bargo. Sanyin da ke hana barci daga ƙasa yake tasowa, don haka abin da ka shimfiɗa ya fi abin da ka lulluɓa muhimmanci. Ga rigar sanyi, hular sanyi, safa, da takalmi rufaffe. Silifa na alwala ne kawai.

Ruwa shi ne kaya mafi nauyi kuma shi aka fi yi wa ƙwauro. Ka lissafa wa kowane mutum lita 10 a yini, sha da girki da alwala, wato jarka mai lita 25 ba za ta kai wa mutum uku yini guda ba. Za ka yi mamakin a ce ka kai ruwa bakin tafki. Dalilin yana zuwa a ƙasa.

Abinci kuwa, kakanninmu fatake sun riga sun gama mana wannan nazari: kilishi, dambun nama, ƙuli-ƙuli, dabino, garin kwaki da sukari, gurasa, soyayyar gyaɗa. Duk ba sa lalacewa. Ka ƙara da shinkafa ko taliya, mai, albasa, gishiri, yaji, kayan shayi, da tukunya ɗaya da abin suya. Gawayi ƙulli biyu ko ƙaramar tukunyar gas, ashana a cikin leda. Sai tocila ga kowa, fitila mai caji, abin cajin waya, wuƙa, adda, ƙaramin shebur ko fartanya, buta, sabulu, da buhu biyu na zuba shara. A wata 'yar jaka daban ka sa bandeji, auduga, maganin wanke ciwo, farasitamol, gishirin zawo, da duk maganin da wani a cikinku yake sha kullum. Kuɗi kuma a hannu, canji ƙanana, don ba ko'ina ake samun sabis ba balle tura kuɗi ta waya.

Kada ka manta da goro ko sukari da ganyen shayi na gaisuwa.

Na huɗu: isa da rana tsaka, a fara da gaisuwa

Kuskurenmu na farko ba mashaya ba ce, isa da magariba ne. Duhu ne ya sa muka ga fili muka afka. Ka bar gida yadda za ka isa kafin azahar, ka samu awa huɗu ko biyar na haske.

Kafin ka sauke ko tabarma, ka nemi gidan mai unguwa ko dagaci. A yi sallama, a tsuguna a gaisa yadda ya kamata, "Ranka ya daɗe, mu baƙi ne daga Kano, mun zo ganin ruwa, muna so mu kwana biyu in an ba mu izini." Ka faɗi yawanku, ka ajiye abin gaisuwarka. Sau da yawa zai haɗa ka da wani yaro ko ɗan banga ya nuna maka wuri, kuma daga wannan lokacin gari ya san da ku. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a zamanin da ganin baƙin fuska da tanti a bayan gari kan tayar wa mutane hankali. In akwai caji ofis kusa, ka leƙa ka sanar. Daga nan sai wurin sarkin ruwa ko babban masuntan wurin, domin duk abin da ya shafi jirgi da kifi da inda ke da haɗari a bakinsa za ka ji.

Na biyar: inda za a kafa tanti

A nan nake so ka ɓata lokaci. Ka ajiye mota, ka zaga da ƙafa.

Fara da neman layin da ruwa ya taɓa kaiwa. Za ka gan shi: jerin busassun kara da tarkace da ɓawon katantanwa a kwance a gaɓa, ko wurin da launin duwatsu ya sauya. Ka kafa sama da wannan layin. Ƙasan da ke ƙarƙashinsa ko ya bushe a ido, laka ce a ciki, tana tsatsafo da danshi da dare, turke ba ya kamawa, tayar mota kuma tana nutsewa. Ban da haka sauro da ƙwari sun fi yawa a nan. Taku ɗari daga bakin ruwa, a kan ɗan tudu, ya fi maka.

Sannan ka karanta ƙasa. Sawun kofato da kashin shanu da fili sumul, mashaya ce ko burtali. Turaku a kafe a bakin ruwa da ƙamshin kifi, matsayar jirage ce, tun asuba za a cika wurin. Kunya-kunya ko ƙananan fangaloli, gonar wani ce ko da ba ka ga shuka ba. Rami mai santsin baki a gindin suri ko tsakanin duwatsu, gidan wani abu ne da ba ka son kwana kusa da shi. Ka duba jerin tururuwa, ka duba ƙarangiya, don in ta kama bargo sai ka yi mako kana cira.

Inuwa tana da daɗi amma ka ɗaga kai ka dubi bishiyar. Gawo yana da ganye da rani, sai dai ƙayarsa na zube a ƙasa kuma dabbobi na taruwa cin 'ya'yansa. Kuka takan ɓoye zuma a kogonta, hayaƙin murhunka kuma zai tayar da su. Tsamiya inuwarta ta fi kowacce sanyi, amma in akwai mai tsoron aljanu a cikinku ba zai runtsa ba, kai ma ba zai bar ka ka runtsa ba. Duk bishiyar da ke da busasshen reshe a sama, a bar ta. Ni na fi son in kafa a gefen inuwa, ta yamma da bishiya ko dutse, yadda rana ba za ta buge ni da sassafe ba kuma iskar hunturu, wadda ke busowa daga arewa maso gabas, ta samu abin da zai rage mata ƙarfi.

Abu ɗaya da ba a yi ko kusa: kwana a cikin kwarin kogi a ƙasan dam, inda ruwa ke fita. Yashin wurin yana da laushi, yana ruɗar mutum, amma ranar da aka buɗe ƙofa ba za a aiko maka da takarda ba.

Na shida: kafawa

Share wurin da adda da tsintsiya, kwashe duwatsu da ƙaya. Shimfiɗa leda, ɗora tanti, ƙofar ta juya wa iska baya. Turaku a karkace ake buga su, kan yana kallon waje, ba a miƙe ba. In ƙasa yashi ce, ɗaure igiyar a jikin dutse ko guntun itace ka binne. In tampol ne, ja igiya tsakanin bishiya biyu ko tsakanin mota da sanda, ka yafa shi, ka sauke ɓangaren iska har ƙasa ka danne da duwatsu. Gidan sauro a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa ta ko'ina, tun kafin la'asar sakaliya.

Murhu ya yi nisan taku goma daga tanti, ta inda iska za ta kwashe tartsatsi ta yi gaba da shi. Ka kankare ciyawa kewaye da shi har sai ka ga jar ƙasa. Da kaka da hunturu tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye tarin karan wani ko dawar da bai kwashe ba, kuma wannan magana ce da ba ta ƙarewa a ba da haƙuri. Kada ka sare ɗanyen itace. In gawayinka ya ƙare, sayi itace a ƙauye.

Bayan gida kuma a tsai da wurinsa tun da rana: nesa da ruwa aƙalla taku 70, a haƙa rami mai zurfin taƙi ɗaya, a rufe bayan an gama. In da mata a tafiyar, a kewaye da zane ko ragowar tampol. Ka tsai da alƙibla ma tun rana na sama. Daga ƙasar Kano gabas ce, da ɗan karkata zuwa arewa.

Na bakwai: ruwan nan ba na wanka ba ne

Na san wannan ne zai fi ɓata wa mutane rai. Ka yi tafiyar awa biyu, ga ruwa shimfiɗe har iyakar ganinka, ga yaran gari suna ta tsalle a ciki, a ce kada ka shiga. To ga dalilai biyu.

Na ɗaya tsargiya. Ƙwayar cutar tana rayuwa a jikin ƙananan katantanwa da ke zaune a ruwa marar gudu, musamman gefen da ke da ciyawa, kuma madatsun ruwa da magudanan noman rani a arewacin Najeriya sun shahara da ita. Ba sai ka sha ba. Tsutsar, wadda ido ba ya gani, ta fata take shiga yayin da kake wanka ko wanki ko tsayawa a ciki. Ba za ka ji komai ba a ranar, sai wataƙila ɗan ƙaiƙayi. Bayan makonni ko watanni sai zazzaɓi, ko jini a ƙarshen fitsari. Yaran da ka gani suna iyo, da yawansu suna ɗauke da ita, har a wasu ƙauyuka an ɗauki fitsarin jini kamar wani abu ne da kowane yaro namiji ke yi in yana girma. Saboda haka alwala da sha da ruwan jarka. In ya zama dole a yi amfani da na tafki, a ɗebo da bokiti mai igiya, a tafasa shi sosai, a bar shi ya huce. Na wanka ma haka. Cutar nan ce kuma ta sa ba a yin bawali ko bahaya kusa da ruwa, don ta nan ƙwan cutar ke komawa ga katantanwa.

Na biyu, ƙasan dam ba kamar ƙasan kogi ba ne. Kwari ne da gonaki da bishiyoyi ruwa ya haɗiye. Kana tafiya ruwa iya gwiwa, taku ɗaya sai ka faɗa tsohon kwazazzabo. Akwai kututture, akwai tsofaffin koma da suka maƙale suna jiran ƙafa, akwai laka mai riƙe mutum. Kusa da inda ruwa ke shiga bututu kuwa akwai ja ta ƙasa da ba a gani a sama. In wani ya faɗa, kada ka bi shi sai in ka ƙware ƙwarai, domin mai nutsewa yakan danne mai cetonsa. Miƙa masa gora ko igiya, ko ka jefa masa jarka marar komai a rufe, ka yi ihu masunta su ji. Yara kuwa a ba wa mutum ɗaya aikin kallonsu, a faɗi sunansa, ba a ce "kowa ya sa ido" ba.

A wasu tafkunan, kamar Dadin Kowa da Kiri da Kainji, akwai dorina. Da dare take fitowa kiwo, kuma ba a shiga tsakaninta da ruwa. Ka tambayi masunta abin da ke cikin nasu ruwan.

Na takwas: jirgi da kifi

Daɗin tafiyar yana nan. Ka shirya da masunci tun da yamma, ku yi ciniki a gama, ku fita bayan sallar asuba lokacin da ruwa ke kwance kamar faranti. Za ka ga yadda ake ɗaga kalli, wato ragar kifi da ta kwana a ruwa, yadda mai birgi, ragar da ake jefawa, ke murɗa jiki ya watsa ta ta buɗe kamar laima, da belbela da cilakowa da sauran tsuntsaye suna ta harkarsu. Ku dawo kafin iska ta tashi da hantsi.

Sai dai ka dubi jirgin kafin ka sa ƙafa. In an loda shi har ruwa ya kusa bakinsa, ka ce ka fasa, ko da an yi maka dariya. Mutanen Kano ba su manta da 30 ga Nuwamba 2021 ba, ranar da jirgi ya kife a dam ɗin Watari tsakanin Badau da Bagwai, aka rasa aƙalla mutum 29, yawancinsu ɗaliban Islamiyya. A watan Mayu na shekarar ma wani jirgin ya nutse kusa da Warrah a jihar Kebbi da mutane fiye da ɗari. Lodi fiye da kima shi ne abin da aka fi ambata a duka biyun. Rigar ruwa mai hana nutsewa ka saya ka zo da abarka, kada ka sa ran samu a can, kuma ka ɗaura ta tun a gaɓa. A cikin kwalekwale a zauna a tsakiya, ba a miƙewa ɗaukar hoto, ba a taruwa gefe ɗaya. Ba a fita da dare, ba a fita cikin hazo mai kauri.

In kana son jefa ƙugiya, ka nemi izinin sarkin ruwa, ka tambayi inda ba a kafa koma ba. Tana, wato tsutsar ƙasa, ita ce abincin ƙugiya da ba ta ba da kunya, safiya da yamma kuma su ne lokacin. Karfasa tana gefen ciyawa, tarwaɗa tana ƙasa wajen laka. In ka kamo ƙurungu ka yi hankali da ƙayarsa, tana huda hannu kuma zafinta ya fi girmanta. Ƙananan da ba su kai tafin hannu ba a mayar.

Gaskiya dai, sau uku ina jefa ƙugiya a Tiga, abin da na kama duka bai cika kwano ba. Abin da nake yi yanzu shi ne in tare masunta a gaɓa in sayi karfasa tana motsi. A kankare, a fasa ciki, a tsaga gefe biyu, a shafa gishiri da yaji da ɗan mai, a ɗora a kan waya bisa garwashin da ya daina ci da harshe. Kada ka yi ta juyawa: gefe ɗaya ya gasu har fata ta saki waya da kanta, sannan a juya sau ɗaya. A ci da gurasa da yankakkiyar albasa. Kayan ciki da ƙaya a binne nesa da tanti, in ba haka ba karnukan ƙauye za su yi muku sintiri har asuba.

Na tara: dare

Kafin duhu a tattara komai, abinci a rufe a mota, kowa ya san inda tocilarsa take. Daga magariba dogon hannu da dogon wando da safa, saboda sauro. Ba a taka ko'ina ba haske, ba a ɗaga dutse ko itace da hannu sai an fara turawa da sanda. Da safe a zazzage takalmi kafin a sa, kunama na son ɗuminsa.

In sanyi ya tsananta wani zai kawo shawarar a shigo da kaskon garwashi cikin tanti a rufe. A hana shi. Gawayi yana fitar da iska mai guba marar wari marar launi, mutum yana barci ta wuce da shi, kuma kusan duk hunturu sai an ji labarin irin wannan a ɗakuna. Haka janareta, haka kwana a mota da inji a kunne. A ji ɗumi a waje, a kashe wuta da ruwa, a shiga bargo.

In maciji ya sari wani, ko kububuwa ce ko kasa ko gamsheƙa, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure wa tamau da igiya. A kwantar da shi, a cire zobe ko agogo, a sa wa gaɓar katako kamar ɗorin karaya don kada ta motsa, a ɗauke shi a mota zuwa babban asibiti mafi kusa. Shi ya sa tun da rana ake juya mota ta kalli hanyar fita, a bar makulli inda kowa ya sani, a kuma tambayi ɗan gari wane asibiti ne ke buɗe da dare. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, amma lambar ɗan garin nan za ta fi saurin kawo maka mutum.

Rediyo da kiɗa a rage. Sauti yana tafiya nesa a kan ruwa, kuma masuntan da za su tashi ƙarfe huɗu suna jin ku.

Na goma: tashi

A bar tanti ya sha hantsi raɓa ta bushe kafin a naɗe, in ba haka ba zai yi fumfuna. A kakkaɓe kowane abu kafin a sa a mota. A zuba wa murhu ruwa, a juya tokar, a sake zubawa, sai ka iya ɗora hannu a kai. Ledar ruwa da gwangwani da guntun layin ƙugiya duk a buhu a koma da su gida, domin saniya in ta haɗiye leda a cikinta take zama, kuma mai ita ya san su wa suka kwana a wurin. Ragowar shinkafa da sukari da mai a ba wa yaron da ya yi muku jagora, a sallame shi da abin da ya dace. A koma wurin mai unguwa a yi ban kwana, a karɓi lambar masuncin don zuwa na gaba.

Bayan an dawo, duk wanda zazzaɓi ya kama cikin mako biyu ya je a gwada jininsa, kada ya tsaya cewa gajiyar hanya ce. Wanda kuma ya san ya shiga ruwa, ko da iya idon sawu ne wajen hawa jirgi, ya faɗa wa likita inda ya je, a duba fitsarinsa bayan wata biyu. In an samu tsargiya, maganinta praziquantel ne, gwargwadon nauyin mutum ake bayarwa, kuma ana so a sha shi bayan an ci abinci.